Fis ɗin da Ba a Cire Ba

Akwai wani mutum mai kiwon kaji a bakin gari, sunansa Habila. Yana da injin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda in ɗuminsa ya yanke ƙwayayen su lalace. Da yake wutar gari tana zuwa tana tafiya, sai ya sayi janareta.

Ƙanin matarsa, Irmiya, ma'aikacin wuta ne, cikin masu hawa falwaya. Shi ya haɗa masa wayoyi, ya kuma koya masa tsarin a hankali. In an ɗauke wuta, sai ya fara cire fis ɗin da ke jikin katanga ta waje, sa'an nan ya tayar da janareta. In an kawo, sai ya kashe janareta, ya zare wayarsa, kana ya mayar da fis.

Irmiya ya ce masa, "Yaya, kada ka bari su haɗu. In ka bar fis ɗin nan, wutar injinka ba za ta tsaya a gidanka ba. Za ta bi waya ta fita titi, mu kuwa a titin muke aiki."

Habila ya yi dariya ya ce, "To, Fasto Irmiya, mun ji wa'azi. Saura baiko."

Duk da haka ya riƙa bin tsarin.

Wata safiya cikin damina, iska ta karya reshen itace, ya tsinke wayar layinsu. Unguwa duka ba wuta, ga shi ƙwayaye sun kusa fashewa. Habila ya leƙa, ya ga ruwa bai tsaya ba, gindin katanga kuma duk taɓo. Sai ya wuce kai tsaye ya ja igiyar janareta.

Matarsa Rahila ta fito daga kicin ta ce, "Baban Tabita, ka cire fis ɗin kuwa?"

Ya ce, "Wace wuta kike tsoro? Ga waya can tana reto a tsinke. Ko mako za a yi ba a kawo ba."

"Irmiya dai ya ce kullum."

"Irmiya ba shi da ƙwai a inji."

Da ruwa ya ɗauke, ma'aikata suka iso. Suka kashe layin daga turansifoma, yadda aikinsu ya tanada. Irmiya ya hau falwaya hankalinsa kwance, gama ya sani sun rufe wuta, ya kuma san gidan da ke da janareta a layin, ya san mai gidan. Ya miƙa hannu ya kama bakin wayar da ta fito daga wajen gidan yayarsa.

Habila yana cikin akurki ya ji muryar janareta ta sauya, kamar an ɗora masa kaya. Sai ya ji ihu a titi.

Ƙwayayen duka suka ƙyanƙyashe, ko ɗaya bai lalace ba. Ranar da aka dawo daga jana'izar Irmiya, gidan cike yake da kukan 'yan tsaki. Rahila ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ka kai su wani wuri. Ba zan iya jin su ba."

Ga ma'anar misalin nan, ƙaunatattu. Janareta shi ne sabon rai da muka karɓa a wurin Ubangiji. Wutar gari ita ce abin da muka dogara gare shi a dā, ko laya, ko kwalbar giya, ko gabar da muka gāda, ko wata hulɗa da muka san ba ta dace ba. Cire fis shi ne tuba, wato mutum ya fita cikin ruwa da taɓo ya raba kansa da tsohon layi da hannunsa.

Ku lura, Habila ba mugu ba ne, bai kuma ƙi ɗan'uwansa ba. Ya duba ne ya ce tsohon layi ya riga ya mutu, me zai sa ya jiƙe? Haka yawancinmu muke yi. Mun daina abin, amma ba mu yanke shi ba. Muna waƙa a sujada, wayar kuwa tana nan a haɗe.

Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne, ba lalle cutar ta sauka a kanmu ba. Gidanmu yana iya zama da haske, kiwonmu yana albarka. Wanda zai sha wahalar shi ne mutumin da ya amince da mu, mata ko ɗa ko sabon mai bi, wanda ya kama mu da hannu biyu domin ya ɗauka mun riga mun rabu da wancan. Kowa ya koma gida yau ya duba jikin katangarsa, gama akwai wanda yake shirin hawa, yana cewa a ransa, "Ai gidan ɗan'uwana ne."