Agogon Hedimasta da Luguden Na'urori

Ku matso ku saurara, kuma kada wanda ya katse ni sai na dire.

Malam Barau tsohon hedimasta ne da ya koma fataucin zoɓo bayan ritaya. Kayansa sun isa tashar jiragen ruwa a Legas, amma ba za a loda su ba sai bayanansu sun tashi daga kwamfutar shagonsa a kasuwar Dawanau ta Kano sun shiga kwamfutar tashar kafin a tashi aiki. Jirgin kuwa da asuba zai ɗaga.

Irin wannan aike kamar lugude yake. Dole na'urorin biyu su kasance a kunne lokaci guda, agogonsu ɗaya, wannan ta saki, waccan ta cafe. Taɓarya ɗaya ta kuskure, an koma farko.

Aka tura, ya ƙi. Aka sake, ya ƙi. Malam Barau ya buga sanda a ƙasa. "Wannan sakarci ne! Sai kamfanin layin intanet ɗin nan ya zo ya ba ni haƙuri a tsaye!"

'Yarsa Hansatu, wadda ta karanci kwamfuta, ta ƙura wa agogon da ke kusurwar allon kwamfutar ido. "Baba, wa ya taɓa agogon nan?"

"Ni na tura shi gaba, don kada yaran shago su makara. Haka na yi wa na makaranta, ba wanda ya mutu."

Ta mayar da shi daidai, bayanai suka fara tafiya.

Ana tsakiya aka ɗauke wuta, batirin da ke riƙe kwamfutar ya fara kukan ƙarewa, janareta kuma ba ko ɗigon mai. Gambo makaniki, maƙwabcin shagon, ya zuƙe man babur ɗinsa da tiyo, har ya haɗiyi wani, ya zuba wa janaretan, ya tayar da shi.

Can Legas kuma lokacin tashi ya yi. Talatu, akawun da ke karɓa, ta bar motar ma'aikata ta tafi, ta zauna gadin na'urarta har saƙon ya kammala. Aka loda zoɓo.

Malam Barau bai yarda ya yi kuskure ba, har gobe yana jiran haƙurin kamfani. Amma ya kwance agogon hannun da aka ba shi ranar ritaya, ya ce tukuici ne ga ɗaya cikin ukun nan da suka ceci kayansa, don agogo ba ya rabuwa uku. Shi ma wannan agogon a gaba yake, na duba da idona.

To, ban da ihu, a ɗaga hannu: tsakanin mai gyara lokaci, da mai riƙe wuta, da mai zaman jira, wa za a ɗaura wa agogon?