Katantanwar da Baba Ya Ɓoye a Kofi

Akwai wani mai sa tayil da abokan aikinsa suke kira Ma'auni, kuma in gaya muku gaskiya, raina a ɓace nake rubuta labarinsa.

Ba a banza aka laƙa masa sunan ba. Idan ya shiga gidanka ya ga hoton bango ya karkace, sai ya miƙe ya gyara kafin ya amsa gaisuwarka. Aiki kam ya iya shi. Ciwonsa ɗaya ne: duk abin da bai yi daidai da idonsa ba, a wurinsa shirme ne.

Mahaifinsa tsohon magini ne, shekara arba'in yana ɗora bulo. Rana ɗaya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama ya daina aiki, magana ta ɗauke.

Ma'auni ya ɗauko Baba ya kawo shi gidansa, ya ba shi ɗaki mai farin tayil da farin labule. Tsohuwar kujerar Baba da akwatin kayan aikinsa kuwa, ya ce tarkace ne, ya sa aka kwashe. Bai tambaye shi ba. A ganinsa wanda ba ya magana ba shi da ra'ayi.

Wata bakwai Baba yana zaune yana kallon bango. Likita ya ce harshen bai mutu ba, abin da ake bukata shi ne a samu abin da zai sa tsohon ya so yin magana. Idan aka daɗe a haka, da wuya ta dawo.

Ƙanwarsa, autar gidansu, tela ce, shagonta yana kusa da na wani dattijo mai sayar da kifin ado. A can ta ga wasu ƙananan kifaye masu ratsi-ratsi, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ba sa yawo a sama kamar sauran. A cikin katantanwa suke zama, kowa da tasa, suna ɗibar yashi da baki suna zubarwa a gefe.

Auta ta tsaya tana kallo, sai ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Haka Baba yake ɗaukar kwanon yashi lokacin tana ƙarama.

Ta sayi ɗan akwatin gilashi da bai fi tsawon hannu ba, da yashi mai laushi, da matatar ruwa, da katantanwa ashirin. Mai shagon ya hana ta kifin a ranar.

Ya ce, “'Yata, sabon ruwa kashe su yake. Ki zuba, ki kunna matatar, ki bar shi wata guda ya kwanta. Sannan ki dawo.”

Ta wanke yashin sau bakwai har ruwan ya fita fes. Ta ɗora akwatin a kan teburin da ke gefen Baba, ta watsa katantanwar a ciki, ta kunna matata.

Ma'auni ya leƙo ya yi tsaki. “Auta, wai ke ruwa kike kiwo? Ina kifin?”

“Sai bayan wata guda, Yaya.”

“Ai shi ke nan. Kin kawo mana tulu mai cin wuta.”

Kullum ta zo sai ya yi mata wannan ba'ar, ita kuma ta haɗiye. Da wata ya cika ta koma shagon, dattijon ya ƙirga mata kifi shida, ya kuma ja mata kunne.

“Abu biyu zan gaya miki. Kada kowa ya daidaita musu yashi, su suka san yadda suke son gidansu. Na biyu, kada a taɓa fitar da katantanwa wai don an ga babu komai a ciki. Idan suka tsorata can ƙurya suke shigewa, ko girgizawa aka yi ba za su fito ba.”

Auta ta maimaita wa yayanta maganar nan kalma bayan kalma. Ya ce shi da yake shimfiɗa tayil a benaye, ba mai tallan kifi ne zai koya masa zaman yashi ba.

Cikin kwana uku kifayen suka birkita akwatin. Suka haƙa ramuka har gilashin ƙasa ya fito, suka tara tudu a kusurwa, suka binne wasu katantanwar sai baki kawai ake gani. Wata ƙaramar mace a cikinsu ta kama katantanwar tsakiya, ta yi mata katanga da yashi, duk wanda ya matso sai ta kore shi.

Baba ya daina kallon bango. Tun safe yake jan jiki ya matso da fuskarsa kusa da gilashin.

Rana ta goma Auta tana ba shi shayi, ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙaramar macen nan da bakinta cike da yashi. Leɓensa ya yi ta rawa, sannan ya ce, “Ma... magina.”

Kofin ya kusa suɓuce mata. Ta durƙusa tana kuka tana dariya. Daga ranar kalmomi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya: ruwa, yashi, zo ki gani.

Za ku ce Ma'auni zai yi murna ya bar kifin nan su sarara. Ya yi murnar, amma idonsa ya hana shi sakat. Duk safiya kafin ya fita aiki sai ya tsoma hannu da cokalin gini ya shafe yashin sumul, ya jera katantanwar a layi. Kafin ya dawo da yamma sun rushe layin sun maida tudunsu.

Yana yi Baba yana buga sanda a ƙasa. Shi kuma ya ce, “Yi haƙuri Baba, yanzu zan gyara maka.” Kun ji fa, wai gyara masa yake yi.

Auta ta yi magana har ta gaji. Ta ce, “Yaya, don Allah ka bar su. Wannan ta tsakiyar ina zaton ƙwai ta saka, dubi yadda take gadin ƙofa.”

Ya ce, “Gidana ne ko naki? Ba a zama da ƙazanta a gidana.”

Sai ga wata Asabar. Wani babban ɗan kwangila da Ma'auni yake yi wa aiki ya ce zai zo duba Baba da hantsi. Tun safe Ma'auni yake goge-goge. Ya shiga ɗakin tsohon, idonsa ya faɗa kan katantanwar, ya ga duk sun yi kore da gansakuka.

Ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu. Nan take kifayen suka ɓace. Ya ɗauki katantanwar ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kowace, bai ga komai ya faɗo ba. Ya ce a ransa ai sun ɓuya a bayan matata. Maganar da aka gaya masa tana nan a kunnensa, girman kai ne kawai ya danne ta.

Ya tara su a roba a kan teburin. Baba ya buga sanda har ta faɗi daga hannunsa. Ya buɗe baki, amma tashin hankali ya ƙulle harshen, sai gurnani kawai yake fita.

“Baba kwantar da hankalinka, baƙo ne zai zo.”

Ya tafi kicin ɗauko tafasasshen ruwa a buta. Da ya dawo ya tarar ruwa ya zube a rigar Baba da kan tayil, tsohon ya rungume kofin shan ruwansa a ƙirji ya rufe bakin da tafin hannu. Ma'auni ya yi tsaki, ya goge ƙasan, bai ko tambayi dalili ba.

Ya barbaɗa garin sabulu a robar, ya juye ruwan zafin.

Ana haka Auta ta yi sallama. Ta shigo daidai lokacin da kifi na farko ya taso sama, fari fat, cikinsa a sama. Sai na biyu. Sai na uku. Har biyar.

Ta ajiye jakarta a hankali. Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

“Na gaya maka, Yaya. Sau nawa na gaya maka?”

“Ni na girgiza, babu komai...”

“An ce maka ko an girgiza ba sa fitowa. Ba ka ji ba ne, ko kuwa don daga bakin ƙanwarka ya fito? Wata takwas Baba bai ce uffan ba a farin ɗakin nan naka. Abu ɗaya tak ya buɗe masa baki, shi ne ka dafa don baƙo ya ga tsabta.”

Ma'auni ya tsaya da butar a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

Baba ya miƙa wa Auta kofin. Ta leƙa. Katantanwar tsakiya ce a ciki, da gansakukarta. Lokacin da ɗansa ya tafi kicin, tsohon ya miƙa hannunsa mai lafiya ya zaro ta daga robar ya jefa a ruwan shansa.

Auta ta mayar da ita cikin akwatin. Suka jira. Can sai ƙaramar macen ta leƙo, a bayanta kuma wasu 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a bakin ƙofa.

Ma'auni ya durƙusa gaban kujerar. “Baba, ka yafe mini. Gyara nake nufi.”

Baba ya kalle shi. Sannan ya yi magana mafi tsawo da ya yi tun da ya kwanta, kowace kalma da ƙyar take fita.

“Kujerata ma... gyara ka yi. Auta, kai ni... gidanki.”

Ɗan kwangilar ya iso ya tarar ana fitar da kayan tsoho. Tayil ɗin yana ta ƙyalli, babu wanda ya kalle shi.

Yanzu Baba yana gidan Auta, a ɗan ɗakin da ke cike da ƙyallayen ɗinki. 'Ya'yan kifin sun girma, akwatin ya koma tudu da rami. Maganarsa ta dawo sosai, har faɗa yake yi idan shayi ya huce.

Ma'auni yana zuwa kowane mako. Ya yi yawo a kasuwa har ya samo kujera irin wadda ya zubar, ya kuma kawo sabbin katantanwa a leda ya miƙa wa ƙanwarsa, bai ce ga inda za a sa ba. Baba ya karɓi kujerar, amma bai koma farin ɗakin ba.

Duk ranar da Ma'auni ya shigo idonsa ya kai kan yashin, sai yatsunsa su fara motsi. Baba yana lura. Sai ya nuna masa tabarma da sanda ya ce, “Zauna. Sa hannunka a aljihu.”

Shi kuma ya zauna, ya sa.

Darasi: Ba duk abin da ya karkace a idonka ne yake bukatar hannunka ba, kuma wanda ya yi shiru ba fanko ba ne, yana nan a ciki. Kafin ka gyara wa mutum rayuwarsa, tambaye shi, ka kuma saurari wanda ya fi ka sanin abin ko da ƙaninka ne. Tura wannan labarin ga duk mai kula da tsoho ko marar lafiya a gida, wataƙila ya ajiye butar kafin ya juye.