Jingar Abdulganiyyu

Akwai wani manomi a wani ƙauye na bakin kogi a yankin Auyo, sunansa Abdulganiyyu. Ƙwazo kam yana da shi, ba mai musu. Amma in ya kafe a kan magana, ko limamin gari bai isa ya juya shi ba.

Gonarsa ta fadama ce, gadon mahaifinsa, kuma da ita yake ciyar da iyalinsa. A gangarenta akwai gonar wani dattijo, Baba Modu. Duk damina in kogin Haɗejiya ya cika, ruwa kan malala cikin gonakin biyu, ya ɗan zauna, sannan ya janye ya bar baƙar laka.

Abdulganiyyu ya gaji da wannan shiga da fita ta ruwa. Wata shekara ya tara samari, ya kewaye gonarsa da jinga, tudun ƙasa mai tsayi da zai tare ambaliya.

Baba Modu ya zo ya tarar ana tsakar aiki. Ya ce, "Abdulganiyyu, ka san tawa ce a ƙasa. Duk ruwan da ka tare kaina zai sauka."

Abdulganiyyu ya ce, "Baba, kowa ya kare tasa mana. Ni tawa na sani."

Dattijon ya dube shi, ya hau kekensa ya tafi.

Da damina ta yi nisa, ruwan gona biyu ya taru a gona ɗaya. Shinkafar Baba Modu ta nutse, ko dami ɗaya bai ɗauka ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Mutane suka ce ya kai ƙara wurin dagaci, ya ƙi. Ya ce, "Tare da mahaifinsa muka tashi. Ba zan tsaya shari'a da ɗansa ba."

Sai ya sauya tsari. Ya daina shuka da damina, ya riƙa jira ruwa ya janye, ya shuka alkama da albasa a kan lakar da aka bar masa. Gonar ta yi ta kyau shekara bayan shekara.

Shi kuwa Abdulganiyyu, a majalisa har cewa yake ya yi maganin kogi. Ya haƙa rijiya a gonar, ya sa inji, yana ban ruwa rani da damina. Da farko ya samu amfani sosai, bakinsa ya ƙara tsawo.

Sannu a hankali ƙasar ta fara sauyawa. Ta yi tauri, tana tsattsagewa. In an kafta ba a ganin tana ko ɗaya. Fuskarta ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, dashen shinkafa kuma yana ƙonewa daga bakin ganye. Ya ƙara takin zamani, abin ya ƙara lalacewa.

Wata rana matarsa Safara'u ta kawo masa abinci gona. Ta dangwali farin nan ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. Ta ce, "Malam, ai kanwa ƙasar nan take yi."

Gaskiyarta ce. Ruwan rijiya yana ɗauke da ɗan gishiri. In rana ta shanye ruwan, gishirin yana nan a ƙasa, yana taruwa. Ambaliyar nan da ya tsana ita ce ke wanke shi duk shekara, ta kuma kawo sabuwar laka da shuka ke ci. Jingar ta hana wannan duka.

Magani ɗaya ne: a fasa jinga, ruwa ya shiga ya wanke gonar, ya fita da kanwar. Amma hanyar fitarsa ba ta da biyu, sai an yanka magudana ta cikin gonar Baba Modu. In dattijon ya ƙi, gonar gado ta mutu ke nan.

Abdulganiyyu ya daɗe yana juya abin, kunya ta hana shi zuwa. Daga ƙarshe ya je, ya durƙusa. Ya ce, "Baba, na cuce ka, na sani. Ga shi kuma na zo roƙo." Ya faɗi buƙatarsa, kansa a ƙasa.

Baba Modu ya ce, "Tashi mu je mu gani."

Suka shiga gonar. Dattijon ya riƙa jan layi da sandarsa a ƙasa, yana shata inda za a haƙa. Layin ya ratsa tsakiyar komayen albasarsa, inda ta fi kyau.

Abdulganiyyu ya ce, "Baba, a bi ta gefe mana. Wannan ai albasarka ce."

Baba Modu ya ce, "Nan ne gangaren. In aka bi gefe, ruwan zai kwanta, gonarka ba za ta wanku ba. Kana da yara. Je ka ɗauko fartanya."

Abdulganiyyu ya juya zai tafi, hawaye suka zubo masa. Aka fasa jingar, aka haƙa magudanar. Gonarsa ba ta warke a damina ɗaya ba, amma a ta gaba ciyawa ta fara tsirowa inda farin yake.

Darasi: Kada ka kare kanka ta hanyar tura wa maƙwabci cuta, domin wata rana mafitarka za ta bi ta ƙofarsa. In kai aka cuta kuma dama ta zo hannunka, ka taimaka. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu gona kusa da ta wani.