Jelar Daso

Tun dajin Gwaska yana hannun giwaye, wani maharbi mai suna Barmo ya kafa bukka a bakinsa, shi da matarsa Daso. Daso ta gaban kunkurun masaƙa, mai ƙoshiyar saƙa kamar walƙiya! Ita kaɗai ce macen da aka taɓa gani a masaƙar maza, tana saƙa fari siriri mai tsawon gaske.

Wata damina Barmo ya bi sawun ɓauna, ƙasa ta rufta da shi cikin wani tsohon rami. Sai kwana na uku maharba suka jiwo muryarsa. Ƙafarsa ta karye, ruwan da ke tsattsafowa ya kai masa ƙirji. Suka ƙulla igiyoyinsu kaf, ko rabi ba su kai ba. Hadari kuma ya haɗo daga gabas.

Sarkin baka ya iske Daso a masaƙa, ya kasa kallonta. “Daso, yanke farin nan a jefa masa. Ko ba komai ya tafi da likkafani.”

“Baba, wanda ke kiran sunana ba gawa ba ne.”

Ba ta tsaya neman wuƙa ba. Ta kwance saƙar ɗungurungum, har da zaren wadarin da ba ta kai ga saƙawa ba, ta runtuma daji tana kuka. Aka zura farin, kamu bayan kamu, har ya ƙare. Barmo ya miƙa hannu, bai taɓa komai ba. Ruwan sama ya kece.

“Koma gida, Daso,” ya ce daga ƙasa. “Na yafe miki.”

“Riƙe yafiyarka!”

Babu sauran saƙa sai jelar zaren da ke bakin farin, abin da kowane masaƙi ke yankewa ya yar. Ta durƙusa a laka ta murza shi a cinya har fatar ta saɓule, ta janyo farin ta juya shi, ta zura jelar ƙasa. An ce zare ɗaya bai tsinke ba. Maza bakwai suka jawo Barmo, ruwa na zuba daga bakinsa, jelar naɗe a wuyan hannunsa.

A bakin ramin garin Zaren Daso ya kafu, ramin ne rijiyarsu. Har gobe masaƙansu ba sa yanke jelar fari, kamu uku suke bari tana reto. Baƙi kan ce ƙyuya ce. A wajen likkafani kaɗai ake yanke ta, shi ma sai an kira sunan mamacin sau uku bai amsa ba.