Zaren da Aka Shanya a Rana

Akwai wata masaniyar kimiyya mai suna Hadizatu, 'yar birnin Omdurman, tana aiki a wata masana'antar rini a Bahri, tsallaken kogi. Ranar Talata, 14 ga Mayu 2013, gari ya waye da zafi, ko ganye ba ya motsi, kuma tun asuba aka ɗauke wuta.

Shekara uku ta yi tana saƙa wani zaren roba da ya fi yanar gizo siranta. A jikinsa take ɗaure enzayim, wani sinadari da ke cinye dafin rini. In an tace ruwa da shi sai a wanke a sake, har sau ashirin. Amma zafi yana kashe enzayim ɗin, kuma in ya mutu ido ba ya ganewa. Shi ya sa in babu wutar firiji take jiƙa zaren a ruwan sanyi na randar ƙasa.

Manajan, Muntasir, ya shigo ya ga randar.

"Ya Daktora, hafsoshi za su zo ganin aikin zaren jibi, su tarar da randa kamar gidan kakata? Ku shanya shi a rufin ɗaki!"

"Ustaz, wannan ba wanki ba ne. Rana za ta kashe shi."

Aka shanya. Da la'asar ta gwada, dafin ya wuce ta zaren yadda ya shiga.

Muntasir ya miƙo mata takarda. "Sa hannu cewa yana aiki, mu buɗe bututu zuwa kogi. Kin dai san inda yayana yake aiki."

Ta sani. A ofishin tsaro yake, kuma waɗanda ofishin ya kira ba duka suke dawowa ba. Ta kuma san ƙasa da bututun akwai lambun Gogo Bakhita, wadda take sayen tumatir a wurinta, da yaran da ke wanka a gaɓar.

Ta ajiye alƙalami ba ta sa hannu ba. Ta rubuta wa shugaban manoman bakin kogin, Malam Idirisu, wasiƙa haɗe da sakamakon gwajin. Kwana biyu wasiƙar tana jakarta, wata farar mota irin ta jami'an tsaro kuma tana tsaye a bakin layinsu.

Ranar Alhamis hafsoshi suka zo. Aka zuba ruwan rini a zaren, ya fito baƙi ƙirin ya ɓata takalmin babbansu. Ba wanda ya yi dariya. Muntasir ya waiwaya yana nemanta.

A lokacin tana gidan waya na Omdurman. Ta ce bismillah, ta saki wasiƙar cikin akwati.

Darasi: Mai raina randa don a gan shi babba, a gaban manyan zai ji kunya. Kada tsoro ya sa ka sa hannu a abin da zai cuci mutane. Ku tura wa duk wanda aka taɓa miƙa wa irin wannan takarda.