Nauyin Kwamfutar Alhaji Haladu

Akwai wani dillalin waken soya a Dayi, ana kiransa Alhaji Haladu. Mutum ne da ya yarda da hannunsa fiye da yadda ya yarda da kowa. Zai kama kunnen buhu ya ɗaga, ya girgiza, ya ajiye, ya faɗa maka nauyinsa tun ba a ɗora a sikeli ba. Duk inda ya zauna, da wannan yake cika baki.

Akwai kuma abin da ba ya faɗa, amma kowa a garin ya sani. Masu sayen wake a Funtua da nauyi suke saye. To shi kafin a ɗinke buhu sai ya zuba yashin rafi da tsakuwa a tsakiya, ya rufe da wake mai kyau a sama. Ya yi sallah a sahun gaba, ya dawo ya ci gaba da zuba yashi. Tir da irin wannan sana'a.

Yana da 'yar wa mai suna Kausar. Babanta Buba ya rasu ya bar mata gona guda, gonar kuma tana hannun Alhaji Haladu yana nomawa da sunan riƙon marainiya. Ita Kausar a ɗakin kakarta ta tashi, wato Inno, mahaifiyar Buba da Haladu. Tsohuwa ce da ba a yi mata wargi.

Da Kausar ta gama makarantar koyon aikin lafiya, sai wata ƙungiya ta zo neman ma'aikata. Aikin shi ne a bi ƙauyuka ana auna yara, ana shigar da bayanansu. Sharaɗin guda ne: kowa ta zo da kwamfutarta irin mai rabuwa biyu, wadda za ka cire gilashin ka riƙe a hannu kana shafawa da yatsa, in ka koma gida ka maƙala shi a kan madannai ka rubuta rahoto. Za a yi gwaji. Wadda ta iya, a ɗauke ta. Wadda ta kasa, ta koma gida.

Inno ta aika aka kira Haladu.

"Waken gonar yarinyar nan na bana, ka sayar. Ka kai ta Funtua ta zaɓi abin aikinta. Ka ji na ce ta zaɓa."

"Inno, sayayya kuma ai ba a koya mini."

"Ban ce ka iya ko ba ka iya ba. Na ce ta zaɓa."

Ya ce to. Amma a ransa ya riga ya yanke cewa yarinyar da aka haifa a gabansa ba za ta nuna masa kaya a kasuwa ba.

Suka shiga mota suka tafi Funtua. Shagon da suka shiga na wani matashi ne, Sadiq, yana ta ƙamshin turare. Kallo ɗaya ya yi wa babbar rigar Alhaji ya san irin wanda Allah ya kawo masa.

"Alhaji! Ranka ya daɗe! Ku ba Alhaji kujera."

Ya jera musu kwamfuta uku a kan tebur. Ta farko sabuwa ce dal, amma tsadarta ta fi ƙarfin waken gonar, sai suka ture ta gefe. Ta biyu ta hannu ce, baƙa, siririya, har da ɗan ƙarzuwa a kusurwa. Ta uku kuwa tana cikin wani ƙaton kwali mai ruwan zinare, an like shi da leda, an zana manyan lambobi a jikinsa. Kuma ta fi ta hannun araha.

Kausar ba da ka ta zo ba. Ta tambayi waɗanda suka taɓa yin aikin, ta san abin da take nema. Ta ɗauki baƙar ta kunna. Ta sa layinta, ya kama. Ta fita da ita bakin ƙofa cikin rana, rubutun yana fitowa tar. Ta buɗe abubuwa da yawa a lokaci guda, ba ta tsaya ba. Ta cire gilashin daga madannan ta mayar, ya kama gam.

"Malam, batirinta yana kai la'asar? Inda za mu babu wuta."

"Yana kaiwa," in ji Sadiq a taƙaice, don ba ita yake so ya sayar ba.

"To buɗe mana ta kwalin mu gwada ta kamar haka."

Sadiq ya yi murmushi, ya juya wa Kausar baya, ya fuskanci Alhaji.

"Ranka ya daɗe, wannan ba a buɗe ta sai an saya. Dubi lambar da ke jiki, ma'ajiyarta ta ninka ta waccan. Ga agogo a ciki kyauta, ga abin kunne, ga alƙalami. Irinta manyan mutane ke saya wa 'ya'yansu."

"Baffa," in ji Kausar a hankali, "lambar da ke jikin kwali ai kowa zai iya bugawa. In da gaske ta ninka waccan, me ya sa ta fi ta araha, har da kyauta a kai?"

Alhaji Haladu ya ji kamar an mare shi. A gaban mai shago yarinya take yi masa bita? Ya miƙa hannu ya ɗauki baƙar, ya jijjiga ta a tafin hannunsa kamar mai auna tiyar wake. Ya taɓe baki, ya mayar wa Kausar.

"Wannan ai faranti ne. Babu komai a ciki."

Sannan ya sa Sadiq ya ɗora masa kwalin a hannu. Ya ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa. Fuskarsa ta washe.

"Yawwa! Ka ji kaya. Ni hannuna bai taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da ke da ciki, nauyinsa ke faɗa."

"Wallahi Alhaji ka san kaya," in ji Sadiq.

"Baffa, don Allah, ba wake ba ne. Inno ta ce ni zan..."

"Rufe mini baki! So kike a ce a Dayi Haladu ya saya wa marainiya kwance? Tsohon abin da wani ya gama murza? Ke ba ki da kunya, ni ina da ita."

Bai faɗi ɗaya dalilin ba: abin da ya rage na arahar, aljihunsa ya san inda zai kwana.

Kausar ta ajiye baƙar kwamfutar a kan tebur da hannu biyu. Alhaji ya biya kuɗin ta kwalin, suka hau mota.

Da suka sauka a Dayi, Alhaji bai bi ta lungu ba. Ya rungumi kwalin ya bi ta bakin titi, ta gaban masu shayi da masu kabu-kabu, yana tafiya a hankali don kowa ya gani.

"Alhaji, me aka samu?"

"Ɗan abin aiki ne na saya wa 'yar wajen marigayi. Riƙon maraya ai sai da zuciya."

Inno ta dubi kwalin, ta dubi idon jikarta.

"Ke kika zaɓa?"

Kausar ta sunkuyar da kai. Inno ba ta sake tambaya ba.

A gida, cikin inuwa, kwamfutar ta kunna, tana walƙiya. Agogon kyautar dai tun ranar ya tsaya. Alhaji ya ce wannan ba komai ba ne.

Ranar gwaji aka tura Kausar wata ruga a bayan Mahuta. Mata suka yi layi da 'ya'yansu a goye. Tana fito da gilashin cikin rana, sai ya zama baƙi ƙirin, fuskarta kawai take gani. Ta lulluɓa hijabinta a kai tana leƙe. Ta shigar da sunan yaro, abin ya tsaya cak. Ta jira. Ya motsa, ya sake tsayawa. Bayansa ya yi zafi har ba ya riƙuwa. Tun ba a kira azahar ba ya mutu murus.

Matan nan sun bar surfe, sun bar tallan nono, sun tsaya a rana. Wata ta ce, "'Yar nan, in ba ki iya ba ki sallame mu." Suka watse.

Da ta samu caji a Malumfashi ta kunna, duk yaran da ta wahala ta shigar babu ko ɗaya. Washegari ma haka. Shugabar aikin ba ta yi faɗa ba. Ta ce mata kawai, "Kausar, kin iya aiki, na gani. Amma ba zan aika rahoton da babu shi ba." Aka cire sunanta.

Alhaji Haladu da ya ji, cewa ya yi yarinyar ce ba ta iya riƙe kaya masu daraja ba. Sai da Inno ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ƙi tafiya, sannan ya ɗauki kwalin ya koma Funtua yana huci.

Sadiq ko kujera bai ba shi ba wannan karon.

"Alhaji, an yage leda. Kayan da aka buɗe ba ya dawowa."

"Kai da ka ce ba a buɗewa sai an saya!"

"Ni dai ban tilasta ka ba. Kai ka auna da hannunka, ka ce ka ji kaya."

Alhaji ya leƙa tebur ko baƙar tana nan. Babu. Sadiq ya ce wata yarinya daga Malumfashi ta saye ta, ita ma don aikin auna yaran, kuma ya ji an ɗauke ta.

Ya fito yana zufa. A bakin tasha akwai wani mai gyaran waya, Zubair, sai Alhaji ya miƙa masa kwamfutar ya ce ya duba ko wata 'yar waya ce ta tsinke. Mutane suna tsaitsaye suna jiran mota, cikinsu har da Mudi, wani direban Dayi da ya sha ɗaukar buhunan Alhaji.

Zubair ya sa ɗan ƙarfensa ya ɓalle bayan kwamfutar. Sai ya yi tsaki.

A ciki, batirin bai fi akwatin ashana ba. Duk sauran wurin kuwa wani faffaɗan guntun ƙarfe ne, har ya fara tsatsa, an manna shi da gam. Ba ya haɗe da komai. Ba ya aikin komai. An sa shi ne kawai don wanda zai ɗaga ya ji nauyi.

Zubair ya ɓamɓare shi ya ajiye a tebur, ya yi ƙara ƙwal.

Mudi ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Alhaji, ashe su ma can suna zuba yashi a tsakiya."

Tashar ta ɗauki dariya. Alhaji ya tattara tarkacensa cikin kwali, har da ƙarfen, ya shiga mota ya zauna a baya. Wannan karon ta lungu ya bi. Ya jefar da kwalin a tsakar gida ya shige ɗaki.

Amma labari ya riga shi isa.

A unguwarsu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci sai a fito masa da kwanonsa ƙofar gida, a haɗu a ci tare. Alhaji ya so ya ƙi fita, sai ya ga ƙin fitar ya fi muni. Ya je ya zauna a tabarma. Ba wanda ya tayar da zancen.

Sai ga Inno da kanta, tana dogara sanda, ɗauke da kwano a rufe. Mazan suka gyara zama suna gaishe ta. Ta dire kwanon a gaban ɗanta.

Alhaji ya jawo shi. Hannunsa ya ji nauyi, har ya ɗan saki fuska. Ya ɗauka tsohuwa ta huce, ta cika masa tuwo don ta rarrashe shi.

"Yau Inno ta cika hannu," ya ce, ya buɗe.

Babu tuwo. Babu miya. Guntun ƙarfen nan ne kwance a gindin kwano da tsatsarsa.

Mazan suka leƙa kwanon.

"Ci mana," in ji Inno. "Ai yana da nauyi."

"Inno, a gaban mutane..."

"A gaban mutane ka yi yawo da kwali. Waken marainiya na shekara guda, da aikinta, ka ba da su ka karɓo wannan. Mutanen da kake cika wa buhu da yashi, su ma 'ya'yan wasu ne. Daga yau hannunka ya fita daga gonar marigayi. Mai unguwa ga shi nan zaune, ya ji."

Mai unguwa ya ce, "Na ji, Inno."

Ta juya ta koma ciki. Abokan cin nasa suka matsa da kwanukansu gefe suka ci gaba da cin abincinsu. Ba wanda ya ce masa bismillah.

Kausar dai aikin ya wuce ta a wannan shekarar, babu abin da ya dawo mata da shi. Gonarta ce ta dawo hannunta. Da aka yi girbi na gaba, ita da Inno suka tafi Funtua. Tsohuwar ta zauna a kujerar shago da sandarta a kan cinya, ta ce duk abin da ba za a kunna a fita da shi rana ba, a mayar da shi inda aka ɗauko.

Alhaji Haladu yana nan a Dayi. Har yau in ya kama kunnen buhu zai ɗaga, sai wani daga nesa ya ce, "Alhaji, a buɗe dai a gani."

Darasi: Kada ƙaton kwali, ko manyan lambobi, ko araha mai haɗe da kyauta su rufe maka ido. Ka kunna, ka gwada, ka dubi ko kayan zai yi aikin da ka saye shi dominsa, kuma ka bar mai aikin ya zaɓi abin aikinsa ko da ɗan cikinka ne. Wanda kuma yake cutar mutane a ma'auni ya sani akwai ranar da za a auna masa irin abin da yake aunawa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙon amanar marayu.