Motar Attahir Mai Rediyo

Akwai wani mai gyaran rediyo a garin Tahoua, zamanin mulkin soja, ana ce masa Attahir. Mutumin Barmu ne, ya shigo birni tun yana saurayi. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Shagonsa shi ne ɗakinsa, shi ne zaurensa. In ya ja ƙofa da yamma, babu muryar da yake ji sai ta rediyoyin da ya gyara ba a zo karɓa ba.

Rana ɗaya ce a mako take sa shi dariya, ita ce Lahadi.

Wasu Turawa masu aikin gina rijiyoyi sun taɓa kawo masa gyaran 'yan motocin wasa, irin waɗanda ake tuƙawa daga nesa da ɗan akwati mai eriya. Da aikinsu ya ƙare sai suka bar masa su cikin kwali, duk a mace. Attahir ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tayar, ya rarraba wa abokai. Kafin ka ce me, magidanta da gemunsu sun kafa abin da suke kira kulob. Mutane na wucewa suna yi musu dariya, su kuwa ko a jikinsu.

Babban amininsa a cikinsu shi ne Mumuni tela. In an tashi daga tsere, gidan Mumuni suke wucewa, matarsa Zalika ta fito musu da tuwo. Wannan tuwon Lahadin shi kaɗai ne abincin da Attahir yake sa hannu a akushi ɗaya da wani ɗan Adam. Bai taɓa faɗa ba, amma tun ranar Litinin yake fara ɗokinsa.

To, Tahoua garin rairayi ce, 'yar mota kuwa ba ta gudu a rairayi. Don haka kowace Lahadi da la'asar sai 'yan kulob su taru a wani fili a bayan gari, su share, su yayyafa ruwan wanki da Mumuni yake ɗaukowa a keke, su bi da madaɓi har ƙasa ta yi tauri. Attahir bai taɓa riƙe tsintsiya ba. Yakan zauna gindin adua yana ɗaure kusoshin motarsa, don a ganinsa wanda ya tayar da motocin ya riga ya gama nasa aikin.

A lokacin tseren yana da daɗi, domin injunan duk kusan ƙarfinsu ɗaya. Yau wannan ya ci, wani mako wancan, a yi ta tsiya har gida.

Sai wani direba ya kawo wa Attahir wata matacciyar motar wasa daga arewa. Da ya buɗe cikinta ya tarar da inji wanda ya ninka nasu ƙarfi. Ya ciro shi ya dasa a tasa. Bai tsaya nan ba, ya koma kan giya, wato 'yan faya-fayan nan masu haƙora da suke kai juyin inji zuwa taya. Duk mai wannan wasa ya san ƙa'idar. In ka sa ƙaramin faifai a bakin inji, mota za ta yi ƙarfin ja amma ba ta da sauri. In ka sa babba mai haƙora da yawa, za ta tashi kamar tsuntsu, amma sai a ƙasa mai tauri, kuma inji zai riƙa ɗaukar zafi. Attahir ya zaɓi mafi girma da ya samu.

Lahadin farko ya zagaye kowa kafin su kai tsakiya. Aka yi masa tafi. Ta biyu ma haka, sai dai tafin ya ragu. Daga nan kuma ba mai tafi, kowa ya ɗauki motarsa ya kakkaɓe.

Wata rana a kan tuwo Mumuni ya ce masa, "Attahir, wanga inji ya hi ƙarhin wasanmu. Ka rage mishi giya mana, mu ma mu ga bayanka kusa. Mi za a yi da tseren da anka san mai ci tun ba a hwara ba?"

Attahir ya suɗe hannu ya ce, "Wanda bai iya gudu ya zamna gida."

Mumuni ya yi murmushi ya tura masa akushi gabansa. Bai sake ɗaga maganar ba.

Shekarar nan ita ce 1984, wadda damina ta yi gardama. Gero ya bushe tun yana gwiwa, dabbobi suna faɗuwa a hanyar Kalfu, mutanen daji suka yi ta kwararowa gari da 'yan komatsansu. Wanda bai da na hatsi ba ya kai ɗinki, don haka keken ɗinkin Mumuni ya yi shiru. Ruwan wanki ma ya zama abin da ake ba akuya.

'Yan kulob suka fara zamewa. Wani ya tafi ci-rani, wani ya ce ciwon baya, wani kuwa ya faɗi gaskiya, ya ce ga yunwa a gida ba zai zo fili a ƙara masa da haushi ba. Ƙarshe sai Mumuni kaɗai ke zuwa. Ya share filin shi ɗaya, ya ajiye motarsa a layi, Attahir ya wuce shi fuu, su tafi gida. Tuwon ya koma ɗan kaɗan, amma Zalika ba ta taɓa fasa fito da shi ba.

Ku san wani abu? Duk wannan bai sa Attahir ya ɗaga kai ba. Shi damuwarsa ita ce yadda zai ƙara wa motar gudu. Ya samo wani faifai a cikin tsohuwar rikoda, ya shafe mako guda yana goge haƙoransa da zarto, don ya zauna daidai a bakin inji.

Ranar Lahadi ya isa fili da wuri, mota a hammata. Ba kowa. Ya zauna gindin adua yana jira, inuwa ta yi tsawo, Mumuni bai zo ba. Ya ce a ransa fushi ne irin na wanda aka saba kayarwa, zai huce.

Ya tashi ya ajiye motar a inda layi yake. Iska ta kwashe mako tana zuba rairayi, ba a share ba. Ya danna maɓallin ɗan akwatin tuƙi. Motar ta yi ƙara, tayoyi suka tona rami, ba ta matsa ko taki ɗaya ba. Ya ƙara dannawa da ƙarfi. Inji ya yi kuka, ya yi ƙauri, wani siririn hayaƙi ya fito, sai shiru.

Attahir ya tsuguna ya taɓa injin, ya ƙone masa yatsa. Ya dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan. Sai a ranar ya gane cewa gudun da yake taƙama da shi ba a cikin inji kaɗai yake ba. Waɗanda yake kayarwa su ne suke shimfiɗa masa ƙasar da yake gudu a kai, da tsintsiyarsu da ruwan gidansu. Kunya ta kama shi, kuma ba kowa a wurin da zai ji kunyar a gabansa.

Ya ɗauki motar ya nufi gidan Mumuni. A hanya yana shirya abin da zai ce. Zai mayar da tsohon inji, zai sa ƙaramar giya, kuma mako mai zuwa shi zai fara ɗaukar tsintsiya.

Ya yi sallama, Zalika ta amsa daga bayan zana. Suka gaisa, ya tambayi maigida.

Ta ce, "Ai ya tahi, Attahir. Tun ran Juma'a kamyo, babbar motar kaya, ya ɗauke su shi da 'yan ci-rani, sun yi Abijan. Ya saida keken ɗumki ya bar muna hatsi."

Attahir ya ce, "Ya tahi bai yi min bankwana ba?"

Zalika ta ce, "Ya zo shagonka ran Alhamis da hantsi. Ya ce ya daɗe tsaye bakin ƙohwa, kana duƙe bisa motarka. Da yay yi sallama ba ka ɗaga kai ba, kac ce mishi ya matsa, ya tsare maka haske."

Attahir ya tuna. Lallai wata inuwa ta faɗo a kan teburinsa ranar, ya zaci mai karɓar rediyo ne. Ya kuma tuna cewa inuwar ta matsa, kamar yadda ya ce.

Darasi: Kada nasara ta rufe maka ido har ka kasa ganin waɗanda suke share maka hanya. Cin tsere ba shi da daɗi in ba wanda za ka ci tuwo da shi bayan an tashi. Ka ɗaga kai ka dubi mai yi maka sallama tun yana tsaye a ƙofarka. In akwai aminin da ka daɗe ba ka nema ba, ka neme shi yau, kuma ka tura wannan labari ga 'yan'uwa su ma su amfana.